Kafin a miƙa kai ga allurar ciwon ɓarin kai, a fara ƙirga kwanaki

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka in yi bayani kan allurai da ake yi wa masu ciwon ɓarin kai wanda ya zaune musu. Maganar ta yi yawa a bakin mutane, kuma galibi ana yinta kamar allura ɗaya ce, ka je a yi maka ka warke. Alhali allurai iri-iri ne, aikinsu daban, haɗarinsu daban, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ke tumɓuke ciwon daga tushe. Abin da suke yi shi ne rage yawan kwanakin da mutum ke kwana da ciwo. Tunda kwanaki suke ragewa, wanda bai san adadin kwanakinsa ba ba zai san ko allurar ta dace da shi ba, ba zai kuma gane ko ta yi aiki ba bayan an yi ta.

Likitoci suna da ma'auni. Ana cewa ciwon ɓarin kai ya zama na dindindin idan mutum yana ciwon kai kwana 15 ko fiye a wata, har sama da wata 3, kuma aƙalla 8 daga cikin kwanakin nan ciwon yana zuwa da alamunsa: sarar kai a gefe ɗaya, tashin zuciya ko amai, ƙin haske da ƙara, da ƙaruwar ciwon idan an motsa ko an hau bene. Hanyar gane wannan ita ce littafi da biro. Kowane dare mutum ya rubuta abu uku: yau kai ya yi ciwo ko bai yi ba, tsananinsa daga 1 zuwa 10, da sunan maganin da ya sha da yawansa. Mace ta ƙara da ranakun al'adarta. A yi haka wata biyu zuwa uku. Wata dabara mai amfani ita ce a ƙirga kwanakin da kai ya wuni garau, domin mai ciwon da ya daɗe yakan manta da ƙananan kwanakin ciwo, sai manyan kaɗai yake tunawa. Ka tambaye shi ya ce sau shida a wata, amma ka ce kwana nawa ne kanka ya wuni sakayau, sai ya ce bai fi goma ba. Wannan mutum kwana 20 yake ciwo.

Littafin nan yakan tona wani abu da ya fi allurar muhimmanci, wato yawan shan maganin kashe ciwo. Wanda ke shan paracetamol ko ibuprofen ko diclofenac kwana 15 ko fiye a wata, ko kuma magungunan triptan masu tsayar da ciwon ɓarin kai idan ya taso, da masu haɗin kafeyin, da dangin codeine da tramadol kwana 10 ko fiye a wata, maganin da kansa na iya zama shi ke riƙe da ciwon. Ƙarfin ƙwayar na saki, ciwo ya dawo, a sake sha, a haka har ciwon da a da yake zuwa sau huɗu a wata ya zama na kullum. Yawan kwanakin da ake sha ne ke jawo wannan, ko da ƙwaya biyu ce kacal a rana. Idan aka janye maganin, sati ɗaya zuwa biyu na farko sukan yi wuya ƙwarai, daga nan mutane da yawa sai su ga ciwon ya koma mai zuwa jefi-jefi ba tare da an soka musu komai ba. Masu shan dangin codeine da tramadol kada su yanke a rana ɗaya, likita ne zai tsara musu ragewa sannu a hankali.

Akwai kuma ƙwayoyin rigakafi da ake sha kullum, irin su propranolol, amitriptyline, topiramate da candesartan. Kuskuren da aka fi yi da su shi ne gajen haƙuri. Ana farawa da ƙaramin awo, a ƙara a hankali, kuma ba a yanke hukuncin cewa magani ya gaza sai an sha shi a cikakken awo na wata biyu zuwa uku. A Ingila, hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin magani ba ta amince da waɗannan allurai ba sai mutum ya gwada ƙwayoyin rigakafi uku ba su yi masa ba.

To, allurar da aka fi sani ita ce Botox, wadda hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da ita don wannan ciwo a 2010. Mutane suna jin sunan sai su tuna da gyaran fuska, amma tsarin da ake bi a nan daban ne, kuma a ƙayyade yake. Ana narkar da garin maganin da ruwan gishiri na asibiti, yunit 100 a mililita 2, ta yadda kowane kashi ɗaya cikin goma na mililita ke ɗauke da yunit 5. Da siririyar allura mai lamba 30 ake soka shi a wurare 31, yunit 5 a kowane wuri, jimilla yunit 155. Biyu a saman gira ta ciki, ɗaya a tsakanin girar, huɗu a goshi, takwas a gefen kai sama da kunnuwa, shida a ƙeya, huɗu a saman wuya ta baya, shida a kafaɗu. Likita na iya ƙara har yunit 40 a inda ciwon ya fi zama, ya kai 195 a wurare 39. Aikin bai cika wuce minti 15 zuwa 20 ba, sai a maimaita bayan sati 12. Yadda ake ganin tana aiki shi ne tana hana ƙarshen jijiyoyin ji da ke fatar kai da wuya sakin sinadaran da ke kai saƙon ciwo. Saboda haka wanda aka yi wa soki biyar a goshi aka ce masa an yi masa allurar ciwon kai, ba wannan aka yi masa ba.

Nawa take ragewa? A manyan gwaje-gwaje biyu da ake kira PREEMPT, waɗanda suka ƙunshi mutum 1,384, waɗanda aka yi wa Botox sun samu ragin kwana 8.4 a wata bayan sati 24. Waɗanda aka yi wa allurar ruwan gishiri da babu magani a ciki sun samu ragin kwana 6.6. Bambancin kusan kwana biyu ne. Wani zai raina, amma alƙaluman nan matsakaici ne na taron jama'a: a cikinsu akwai wanda kwanakinsa suka ragu da rabi, akwai wanda bai ga komai ba. Sannan ragin tsanani ma riba ce, domin ciwon da a da yake kwantar da mutum a ɗaki mai duhu zai iya komawa wanda ake fita aiki da shi. Ga masu ciwon ƙasa da kwana 15 a wata kuwa, gwaji bai nuna tana da amfani ba, yi musu ita asara ce.

Ba ta aiki nan take. Sai bayan sati ɗaya zuwa biyu ake fara jin canji, kuma zagaye na farko kaɗai bai isa a yi hukunci ba. Ƙa'idar NICE ita ce a duba bayan zagaye biyu: idan kwanakin ciwo ba su ragu da kashi 30 cikin 100 ba, a dakata. Mai kwana 20 ya kamata ya sauko zuwa 14 ko ƙasa. Wasu likitocin sukan ba da zagaye na uku, tunda akwai masu jinkirin amsawa. Wasu marasa lafiya kuma sukan ji ciwon ya fara dawowa a sati biyun ƙarshe kafin lokacin allura ta gaba. Wannan ma a rubuta shi a gaya wa likita, amma ba dalili ba ne na matso da allurar ƙasa da sati 12.

Matsalolinta galibi daga hannun mai yi suke. Kimanin mutum 9 cikin 100 kan yi ciwon wuya, kimanin 4 cikin 100 kuma fatar idonsu kan sauko. Saukowar fatar ido na faruwa idan maganin ya gangaro daga wajen gira zuwa tsokar da ke ɗaga ta. Idan aka soka goshi ƙasa-ƙasa kusa da gira, girar ce gaba ɗaya za ta yi nauyi. Idan kuma aka nitsa allurar a wuya ko aka sauko da ita ƙasa da yawa, tsokar da ke riƙe da kai ta yi sanyi, mutum ya riƙa jin kansa ya yi masa nauyi in ya sunkuya yana karatu ko ɗinki. Duk waɗannan sukan wuce da kansu cikin makonni. Abin da ya rage wa mara lafiya shi ne kada ya murza wuraren a yinin da aka yi. Wanda ba a wasa da shi shi ne wahalar haɗiya ko ta numfashi ko shaƙewar murya bayan allura. Yana da wuya ya faru, amma in ya faru asibiti za a nufa nan take. Mai cutar raunin tsoka da ake kira myasthenia gravis, da mai ƙurji a wurin sokin, ba a yi musu. Mai karɓar gentamicin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya faɗa wa likita, domin tana ƙara wa maganin ƙarfi. A lura kuma cewa yunit na wani kamfani ba daidai yake da na wani ba, kuma kwalbar a firiji take zama, in an narkar da ita a yi amfani da ita cikin awa 24. Mara lafiya yana da haƙƙin ya ga kwalbar da idonsa kafin a zuƙa.

Rukuni na biyu sababbi ne, sun fito daga 2018. Lokacin da ciwon ya taso, jijiyar da ke kai ji daga fuska da kai tana sakin wani sinadari da ake kira CGRP, kuma an gwada ɗura shi a jinin masu wannan ciwo aka ga yana tayar musu da shi. Sai aka ƙera magungunan da ke tare shi. Erenumab, mai sunan kasuwa Aimovig, miligiram 70 ko 140 ne sau ɗaya a wata. Fremanezumab, wato Ajovy, miligiram 225 a wata ko 675 duk wata uku. Galcanezumab, wato Emgality, ana farawa da 240 sannan 120 kowane wata. Eptinezumab, wato Vyepti, wanda ya zo a 2020, shi ta ƙarin ruwa ake ba da shi a asibiti, miligiram 100 ko 300 duk wata uku, cikin kusan minti 30. A gwajin erenumab kan masu ciwon dindindin, ragin ya kai kwana 6.6 a wata, na allurar da babu magani 4.2, kuma kusan mutum 4 cikin 10 kwanakinsu sun ragu da rabi. Sukan fara aiki da wuri fiye da Botox, ana kuma auna su bayan wata uku. A 2024 ƙungiyar masana ciwon kai ta Amurka ta ce ana iya fara magani da su tun farko, sai dai tsadarsu ta sa a wurare da yawa suna zuwa ne bayan ƙwayoyi.

Ukun farko mutum ne ke yi wa kansa a ƙarƙashin fata, da wani abu mai kama da alƙalami, kuma a nan ne ake ɓarnar magani. A firiji ake ajiye shi, tsakanin digiri 2 zuwa 8, nesa da wajen ƙanƙara, domin in ya daskare ya lalace ko da ya narke daga baya. A fito da shi minti 30 kafin a yi, ya huce da kansa, kada a sa shi a rana ko a ruwan zafi, kada kuma a girgiza shi. A duba ruwan ta tagar alƙalamin, in ya yi gurɓi ko da ɗigo-ɗigo a ciki a bar shi. Ana yi a cinya, ko a ciki da tazarar santimita 5 daga cibiya, ana sauya wuri kowane wata. A danna a riƙe har sai tagar ta cika kamar yadda takardar ta nuna. Masu ɗagawa da sun ji ƙarar farko, rabin maganin a kan fata yake zubewa. Ja da ƙaiƙayi a wurin sokin abu ne da aka saba gani. Erenumab yana da nasa biyu: taurin bahaya, wanda a wasu yakan tsananta har a kwantar da su, da tashin hawan jini, don haka a riƙa awo musamman a satin farko. Tunda maganin na ɗaukar kusan wata guda kafin rabinsa ya bar jiki, mace mai niyyar ɗaukar ciki ana ba ta shawarar ta tsaya wata biyar zuwa shida kafin nan. Wanda ya taɓa samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ya sanar da likita tun kafin a fara.

Akwai kuma allurar ƙeya, inda ake zuba mililita 1 zuwa 3 na maganin kashe zafi irin lidocaine ko bupivacaine kusa da babbar jijiyar ƙeya. Sauƙinta na kwanaki ne zuwa 'yan makonni, don haka ta fi amfani a lokacin da ake janye magungunan kashe ciwo ko ake jiran rigakafi ya kama. In ana haɗa ta da steroid, maganin rage kumburi, ana maimaitawa, fatar wurin kan lotsa, gashi ya zube.

Kada a haɗa duk waɗannan da allurar kashe ciwon da ya riga ya taso. Sumatriptan miligiram 6 a ƙarƙashin fata tana aiki cikin mintuna, ba a wuce biyu a awa 24, da tazarar aƙalla awa ɗaya, kuma ba a yi wa mai ciwon jijiyoyin zuciya ko mai hawan jinin da bai daidaita ba. Ita ma, da yake triptan ce, tana shiga lissafin kwana 10 a wata da aka ambata a baya. Amma pethidine da pentazocine da tramadol, a ganina bai kamata su zama maganin ciwon ɓarin kai ba sam. Suna sa barci, ciwon ya dawo, jiki ya saba, kuma wanda ya saba da su yakan zama mai wuyar amsa sauran magunguna.

Wani ciwon kan kuma ba ya jiran littafi ko allura: wanda ya faɗo farat ɗaya ya kai ƙololuwa cikin minti guda, wanda ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko da mutuwar hannu ko ƙafa, ko karkacewar baki, ko farfaɗiya, wanda ya fara sabo bayan shekara 50, da wanda ya taso wa mai juna biyu da kumburi da dishi-dishin gani. Waɗannan a kai su asibiti a ranar.

Ga wanda allura ta karɓa, ba lallai ne ya dawwama a kanta ba. Bayan wata 6 zuwa 12 ana samun sauƙi, likita zai duba littafin ya ga ko za a tsawaita tazara ko a dakata a gani. A ci gaba da rubutu a watanni ukun da suka biyo bayan dakatawar, domin a nan ne ciwon kan dawo idan zai dawo, kuma in kwanakin suka sake haura 15 ana iya komawa kan allurar.

Na gode da wannan fili.

Wassalam,
Wani ma'aikacin lafiya mai karanta jaridarku