Umma tana cewa ba na ba ta abinci, Yaya kuma ya fara yarda

Assalamu alaikum Anti. Ina gaishe ki da ƙoƙarin da kike yi a wannan fili, Allah ya saka da alheri. Don Allah a sakaya sunana.

Mu huɗu ne a wajen mahaifiyarmu, ni kaɗai ce mace. Shekarunta 78. Bayan rasuwar Baba ta dawo gidana da amincewar maigidana, saboda tana da hawan jini kuma babu mai tsaya mata kan shan magani. Da farko mantuwar ba ta dame mu ba, muka ce ai tsufa ne. Sai da ta fita ƙofar gida ta kasa gane hanyar dawowa hankalina ya tashi. Likita ya yi mata tambayoyi, ya sa ta zana fuskar agogo ta kasa jera lambobin, aka yi gwajin jini da hoton kai. Daga ƙarshe ya ce cutar mantuwa ce, wadda ake kira Alzheimer, kuma bai ɓoye min ba cewa ba a warkewa. Ya rubuta mata donepezil, ya ce zai iya taimaka wa tunaninta na wani lokaci, amma cutar za ta ci gaba da tafiya a hankali.

Da rana da sauƙi. Rana na faɗuwa kuwa sai ta ƙulle kayanta a ɗankwali ta tsaya bakin ƙofa, wai za ta tafi gida, babanta yana jiranta. Mutumin da ya rasu tun ba a haife ni ba. Likita ya ce kada in yi gardama da ita, don in na ce ya rasu tamkar yau ta fara jin labarin. Sai in ce mata to Umma, bari gari ya waye mu tafi tare, in ja ta da hira har ta zauna. Cikin dare tana tashi ta yi ta zagaye, shi ya sa na koma kwana a ƙofar ɗakinta.

Magani ma daru ne. Takan maƙale ƙwayar a ƙasan harshe, in na juya ta tofar. Ranar da na ɗaga matashinta na tarar da su a jere, na auna jininta ya kai 170/100. Na tambayi mai ba da magani ko in riƙa daka mata in zuba a abin sha, ya ce kul, irin maganin hawan jinin da take sha, wato nifedipine, an yi shi ne ya riƙa narkewa sannu a hankali, in aka daka sai ya shiga jiki gaba ɗaya, jininta ya faɗi. Don haka lallashi ne kullum, wani lokacin har sai jikarta ta zo ta miƙa mata sannan ta karɓa.

Duk wannan na ɗauka, uwa ce. Abin da ya fi ƙarfina shi ne tsakanina da 'yan uwana. In Yaya ya bugo waya, Umma sai ta wartsake, ta gaishe shi tsaf, ta tambayi iyalinsa, sannan ta rage murya ta ce tun jiya ba a ba ta komai ba, kuma an kwashe mata kuɗi. Wallahi Anti, wani lokacin kwanon da ta gama ci yana gabanta, ban ma ɗauke ba. Kuɗin kuma ita ke ɓoyewa ta manta, mun taɓa samunsu cikin takalminta. Da na yi masa bayani sai ya ce, "Ni dai Umma ba ta taɓa yi min ƙarya ba." Ai ni ma ban ce ƙarya take yi ba, abin da ta ci ne ba ya zama a kanta. Amma wanda yake jin muryarta na minti biyar ba zai gane haka ba, kuma na roƙe shi ya raka mu asibiti ya ji daga bakin likita, kullum sai ya ce aiki.

Ba zan ci haƙƙinsu ba, duk wata suna turo kuɗin magani ba tare da na tambaya ba. Sai dai kuɗi ba ya tashi cikin dare ya canja zanin gado. Na kawo shawarar mu ɗauki mai jinya ko da ta kwana ce kawai, ƙanina ya yi tsalle ya dire, wai da ranmu za a kawo bare ta yi wa uwarmu wanka. Cikinsu kuwa babu wanda ya ce shi ko matarsa za su zo su karɓe ni ko na dare ɗaya.

Yanzu Yaya ya ce zai zo ya ɗauke ta ta koma gidansa. Likita ya gargaɗe ni cewa sauya wa masu wannan cuta wuri yana ƙara rikita su. Gidan Yaya bene ne, shi da matarsa duk ma'aikata ne, ban san wa zai wuni da ita ba. Duk da haka wata zuciyar tana ce min in bar shi ya tafi da ita ya gani da idonsa, ni ma in samu barci, don kaina ba ya daina ciwo, maigidana kuma ya fara yin shiru irin wanda na san ma'anarsa.

Anti, in hana shi ɗaukarta, ya ƙara tabbatar da zargin da yake min, ko in sakar masa alhali ina tsoron abin da zai same ta? Kuma ta wace hanya zan shawo kansu kan maganar mai jinya ba tare da an ce na gaji da uwata ba? In akwai likita ko ma'aikaciyar jinya cikin masu bibiyar filin nan, ina roƙon su ma su sa baki.

Wassalam,
'Yarki mai bibiyar filinki