Haba Edita, ina kuka baro John Hume?

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya jama'a. Wallahi shirinku na daren Lahadi kan Gerry Adams, tsohon shugaban jam'iyyar Sinn Féin na zamanin rikicin Ireland ta Arewa, ya ɓata min rai, minti talatin cur kuna ta wanke bawan Allahn nan kamar wani waliyyi, har mai gabatarwa ya buɗe baki ya ce wai shi aka ba kyautar Nobel ta zaman lafiya. Haba jama'a! Yaushe aka yi haka? Nobel ɗin 1998 John Hume na jam'iyyar SDLP da David Trimble, 'yan siyasar Ireland ta Arewa, aka ba, amma ko sau ɗaya ban ji sunan Hume a bakinku ba, alhali shi ne tun 1988 ya riƙa zama da Adams yana lallaɓa shi a ajiye bindiga, ana zaginsa ana cewa yana cin tuwo da 'yan ta'adda.

Ni fa ba a littafi na karanta abin nan ba. Ina karatu a Manchester ta Ingila lokacin da IRA, ƙungiyar 'yan bindigar da ta yaƙi mulkin Birtaniya a Ireland ta Arewa, ta tayar da bom ranar Asabar 15 ga Yuni 1996, na shiga gari zan sayi takalmi wajen cibiyar kasuwanci ta Arndale sai ga 'yan sanda suna ta korar mutane, ba mu yi wani nisa ba muka ji ƙarar da har yau in an buga ƙofa da ƙarfi sai gabana ya faɗi, gilasai na zubowa daga benaye, mutum sama da 200 suka ji rauni, Allah ne kawai ya tsare ba a rasa rai ba. Mahaifiyata a Zariya a rediyo ta ji, babu waya a gidanmu lokacin, kwana biyu ba ta iya cin abinci ba sai da saƙona ya iso ta hannun wani ɗan uwa.

Eh na sani, har gobe Adams cewa yake bai taɓa zama ɗan IRA ba, ni ma ban ce shi ya dasa bom ɗin ba. Kuma ban hana shi nasa ba, an harbe shi a Belfast a 1984 ya sha da ƙyar, da shi aka ƙulla yarjejeniyar zaman lafiya ta Good Friday a 1998. Amma mutumin da ya riƙe Sinn Féin daga 1983 har 2018, jam'iyyar da kowa ya sani da bakinta IRA ke magana a siyasa a wancan lokacin, a rikicin da ya ci rai wajen 3,500, ku ce za ku ba da tarihinsa ba ku ambaci ko mamaci ɗaya ba? To labarin wa kuka bayar ke nan?

Sannan don Allah tallan maganin basir ɗin nan da kuke cusawa a tsakiyar shiri sau uku sau huɗu, ga ƙara kamar lasifikar tasha, ku rage mana shi, da yara muke sauraro. Ina jiran gyaran maganar Nobel ɗin ranar Lahadi mai zuwa.

Naku mai sauraro, daga Zariya.