Arhar kuɗin mota ba ita ce ribar albasa ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni fili in yi magana da 'yan uwana masu fataucin albasa daga Nijar zuwa Kumasi. Da yawanmu abu ɗaya muke dubawa: nawa direba ya karɓa a kan buhu. Wannan lissafi gurgu ne.

Kowace tirela a rubuta mata ranar lodi a Galmi ta Nijar da ranar saukewa a kasuwar Kwadaso ta Kumasi, buhu nawa aka loda, nawa kuma suka rage bayan an zazzage an tsince ruɓaɓɓiya. Sai a haɗa kuɗin saye, na mota, na 'yan dako, na kwastan da na shingayen hanya, a raba da buhunan da suka tsira, ba da waɗanda aka loda ba. A misali, in an loda 300 aka tsira da 255, kowane buhu ya ƙara tsada da kusan kashi 18 cikin ɗari tun kafin a yi ciniki. Motar da ta yi arha amma ta ƙara kwana huɗu a hanya ta cinye arhar tata.

Ruɓar nan galibi daga gona take farawa. An yi ban ruwa har dab da cira, ko takin zamani ya yi yawa, ko an yanke ganye wuyan bai bushe ba. A matsa wuyan da yatsa, in da danshi kada a loda. Sannan in aka lulluɓe ta da tamfal ruf, mota ta tsaya cikin rana a iyaka, sai zafi ya dafa na tsakiya. Albasar damina kuwa, mai ruwa ce, ba ta jure abin da ta rani da ta kwana a rudu (rumbun ajiyar albasa) ke jurewa, don haka kada a haɗa lissafinsu wuri ɗaya.

Akwai ma'auni na biyu da muke mantawa: in hanyarka ta toshe yau, kwana nawa za ka yi kafin kaya ya iso ta wata? Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta rufe iyaka, motoci suka maƙale a gadar Gaya da Malanville da ke tsakanin Nijar da Benin, albasa ta ruɓe a cikinsu. Mai dillali ɗaya da hanya ɗaya ba shi da wurin juyawa a irin wannan rana. Shawarata, cikin tirela goma a ɗauko ɗaya daga Aliero ta Najeriya ko Bawku ta arewacin Ghana, ko da ta ɗan fi tsada, don dillalin can ya san ka kafin ranar buƙata.

Ina roƙon shugabannin kasuwa su ajiye sikeli da littafi ɗaya na kowa, a riƙa auna kilo, tunda buhun Galmi da na Bawku ba cikarsu ɗaya ba.

Naka,
Mai karanta jaridarku,
Aboabo, Kumasi