Wasiƙa Zuwa ga 'Yata Kan Kyamarar da Take Son Saye

Fagge, Kano.

Assalamu alaikum, Uwata.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya kuma hidimar ƙasa tana tafiya yadda ake so. Mu nan gida lafiya lau, sai hazo da ya fara sauka.

Saƙonki ya iso ni, da hoton kyamarar nan mai megafiksel 45 da kika ce ranki ya kwanta da ita, da lissafin abin da kika tara na alawus da adashi, da cikon da kike shirin rantowa. Na ji daɗi ƙwarai da kika zaɓi sana'ar da na ci na sha a cikinta, na kuma aurar da yayyenki da ita. Amma batun rance ban yarda da shi ba, kuma ba na son in ce miki a'a kawai in yi shiru. Maganar ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na zauna na rubuta, ki karanta a tsanake.

Mu fara da megafiksel ɗin da ya ɗauke miki hankali, wato yawan ƙananan ɗigogin da suke haɗuwa su yi hoto, kowane megafiksel ɗigo miliyan ɗaya. Hoton da ake wankewa a sa a albam, mai inci 4 da 6, megafiksel 2 da 'yan kai yake buƙata ya fito tas. Babba mai inci 8 da 12, wanda ake sa wa firem a rataye a falon amarya, bai kai 9 ba. Kyamarar Canon 5D ta farko, wadda ta fito a 2005, megafiksel 12.8 gare ta, Nikon D3 ta 2007 kuma 12, kuma da su aka yi hotunan mujallu da jaridun duniya shekara da shekaru. Yawancin aikinki a waya za a kalle shi. Abin da 45 za ta ƙara miki shi ne katin memori mai saurin cika da kwamfuta mai nishi in kin zo gyara. Tsakanin 20 da 24 ya ishe ki har ki tsufa a sana'ar.

Abin da ya fi yawan fiksel muhimmanci shi ne faɗin sensar, wato ɗan farantin da haske yake sauka a kansa a inda da muke sa fim. Kin san yadda Ummanki take tarar ruwan sama da damina: wadda ta ajiye baho da wadda ta ajiye kofi ruwa ɗaya ne ya sauka musu, amma abin da suka kwasa ba ɗaya ba ne. Cikakkiyar sensa milimita 36 ce da 24, daidai girman fim ɗinmu na da. Matsakaiciya, wadda ake kira APS-C, kusan 23 da 15 ce, ba ta kai rabin filin waccan ba. Don haka a cikin duhu cikakkiyar takan tara haske ninki biyu da ɗoriya, hotonta ya fi tsabta, tsakin nan mai kama da yashi ya ragu. Wannan gaskiya ne, masu kanti ba su yi miki ƙarya ba.

Ga abin da ba su faɗa miki ba. Lens ɗin da ake haɗo ƙananan kyamarori da shi, mai milimita 18-55, idan kika zuƙo shi ƙarshe ƙofar haskensa ba ta buɗewa fiye da f/5.6, kuma ƙanƙantar wannan lamba ita ce faɗin ƙofar. Lens mai araha na milimita 50 ko 35 yana buɗewa har f/1.8. Tsakanin waɗannan lambobi biyu hasken da yake shiga ya kusa ninki goma. Ki auna da kanki: babbar sensa ta ba ki ninki biyu da kuɗi masu ciwo, ɗan lens da bai kai kuɗin wayar hannunki ba ya ba ki kusan goma. Shi ya sa nake cewa ki sayi jikin kyamara na hannu mai lafiya, ki zuba ragowar a lens da filasha da batir. Nikon D750 ta 2014 ko Canon 6D ta 2012 duk cikakkiyar sensa gare su, kuma kuɗinsu ya sauko sosai tun da kamfanonin biyu suka koma wa sabon samfurin kyamarori marasa madubi a 2018. Ni da D750 na fi karkata, saboda tana cin katin memori biyu a lokaci guda, ko ɗaya ya lalace bikin mutane bai salwanta ba, kuma caji ɗaya yana kai ta hoto sama da 1,000. Da irin wutar da muke samu a garin nan, wannan ba ƙaramin abu ba ne. In kuɗin bai kai ba ki ɗauki APS-C, babu abin kunya a ciki. Sai dai ki sani milimita 50 a kanta yana matsewa ya zama kamar 75 ko 80, kuma ɗakunanmu na cikin birni ba su da filin ja da baya, bango ne zai tare ki kafin amarya da ƙawayenta su shiga hoton. A nan 35 ya fi.

Yanzu ga inda nake so ki buɗe kunne, domin nan ne mai hoto yake bambanta da mai riƙe da kyamara. Ma'aunin hasken da yake cikin kowace kyamara an gina shi ne a kan tsaka-tsaki, duk abin da ya gani so yake ya mayar da shi ruwan toka. To mu a Kano me muke ɗauka? Baƙin mutum cikin farar shadda mai sheƙi, da farar hula, a tsakar rana. Kyamara tana ganin farin ya yi yawa sai ta rage haske, rigar ta fito, fuskar ta nutse, ba a gane ango sai da haƙoransa. Idan kika ƙara haske don fuska, aikin da ke wuyan rigar ya ƙone ya zama fari fat. Nagatif ɗin da muka yi aiki da shi yana da haƙuri da yawan haske, ana iya ceto shi wajen wanki. Sensa ba ta da wannan haƙurin. Abin da ya ƙone a wajenta ya tafi ke nan, amma abin da ya yi duhu ana iya ɗago shi. Don haka ki kunna alamar nan da take ƙyaftawa a allo inda fari ya ƙone, ki rage har ta daina ƙyaftawa a kan rigar, sannan ki ɗago fuskar a kwamfuta. Wannan kuma ba ya yiwuwa sosai sai kin ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil ɗin da ke ajiye duk abin da sensa ta gani. JPEG, fayil ɗin hoto na yau da kullum, matakin haske 256 yake ajiyewa a kowane launi, RAW mai bit 14 kuwa 16,384. A cikin wannan ratar fuskar ango take ɓoye.

Amma kafin ki dogara da kwamfuta, ki motsa mutumin. Ki shigar da shi bakin zaure, ya tsaya taku ɗaya daga ciki yana fuskantar waje, ke kina waje. Rana ba ta dukansa, hasken da ya daki ƙasar ƙofar gida shi yake tasowa ya wanke masa fuska a hankali, bayansa kuma duhun zauren. Za ki ga ƙwayar idonsa ta ɗauki ɗan haske, kumatunsa sun yi sheƙi irin na lafiya, zaren aikin rigar ya fito ɗaya bayan ɗaya. Ban san wata fitilar situdiyo da ta fi wannan kyau a fatarmu ba, kuma kyauta ne. In babu zaure, inuwar darbejiya da farin kwali a hannun ƙaninki ya haska ƙasan haɓa sun wadatar.

Ina roƙonki abu guda a nan: kada ki mayar da mutane farare wajen gyara. Shekaru da yawa ɗakunan wankin hoto suna daidaita injinansu da katin gwaji na Kodak mai hoton Baturiya, mu masu ɗaukar baƙar fata mu muka sha wahalar nemo launin mutanenmu a cikin fim ɗin da ba don su aka auna shi ba. Yau sensa tana iya fito da baƙi mai kyau, da wankan tarwaɗa, da ja, kowa da nasa. Abin yana ci mini rai in ga yaran yanzu sun sami wannan ni'ima sun ɗauki amarya sun kankare ta har uwarta ba ta gane ta. Wasu za su nema da bakinsu, na sani. Ki nuna musu nasu launin da aka haska da kyau tukuna, da yawa za su canja ra'ayi.

Saitin kansa abu uku ne, kuma kin riga kin san sunayensu: ƙofar haske, saurin shota (labulen da yake buɗewa ya rufe don haske ya shiga), da ISO (yadda ake ƙara wa hoto haske in ya yi ƙaranci). Abin da ba a koyo a takarda shi ne wanne za a sadaukar. Ki ɗauki Hawan Daushe misali, wanda shi da sauran hawan Sallar Kano UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2024. Bayan la'asar ake fita, kafin a zo jahi a Ƙofar Kudu rana ta yi ƙasa, ga ƙura ta tashi ta ƙara cinye hasken, ga dawaki a guje. Saurin shotarki kada ya sauka ƙasa da 1/1000 na daƙiƙa in kina son ƙafar doki da bakin rawani su tsaya cak. Ki buɗe ƙofar haske iya buɗewarta, ki sa fokas mai bin abu, ki sake wa ISO linzami ya hau 3200, ko 6400 ma in ta kama. Sababbin hannu tsoron ISO suke yi, su riƙe shi a 200, su dawo gida da hotuna masu dishi-dishi. Hoto mai ɗan tsaki ana sayensa, ana ma iya rage tsakin. Wanda ya girgiza ba shi da magani. In hannunki ya faɗa, ki gwada akasin haka: shota a 1/60, ki bi mahayi ɗaya da kyamara daidai gudunsa, shi ya fito sarai, jama'a da jajayen rigunan dogarai su zama zane a bayansa. Za ki zubar da da yawa kafin ki sami ɗaya, amma ɗayan ya isa.

A ɗakin taro na biki matsalar daban ce. Wutarmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, fitilu da yawa suna ƙyafta ido tare da ita ba tare da mun lura ba. In shota ta yi sauri sai ki ga layi-layi a hoto ko launi ya bambanta daga wannan zuwa wancan. Ki tsaya a 1/100 ko 1/50, filasha kuma ki harba ta sama ta daki silin ta dawo, kada ki watsa ta kai tsaye a fuskar da aka yi wa kwalliya. Kuma f/1.8 na mutum ɗaya ne, ki sa fokas a idon da ya fi kusa da ke. In dangi sun jeru layi biyu ki koma f/5.6, in ba haka ba na gaba su fito na baya su narke, kuma a na bayan ne gwaggon ango take tsaye.

Kafin ki karɓi kuɗin kowa, ki je marinar Ƙofar Mata da safe ki yi gwaji. Ki gaishe da masu rini, ki nemi izini, in sun ce a ba da wani abu ki bayar da daɗin rai. Shuɗin baba yana rikita kyamarar da aka bari ta zaɓi launi da kanta, takan ga shuɗi ya yi yawa ta zuba rawaya, zanen ya fito fari-fari kamar ya koɗe. Ki ɗaure ma'aunin launin a hasken rana, wajen lamba 5500 a saitinsa, ki dubi hannun marinin da ya rine har gwiwar hannu, ki ga ko kin fito da shi yadda idonki ya gan shi.

Wajen saye kada ki tafi ke kaɗai, ki bari ki dawo mu je tare. Za mu duba yawan harbin da shotar ta yi, domin D750 an auna tata a kan 150,000, 6D kuma 100,000, wadda ta kusa can sai a rage kuɗi. Za mu haska tocila a cikin lens mu nemi zaren fumfuna, wanda ya fi kama kayan da suka zauna a wuri mai laima irin Legas. Za mu ɗauki farin bango a f/16 mu ga ɗigon da ke kan sensa. Katin memori kuma na jabu ya cika kasuwa, araha a nan ba ta ado.

Ƙura ita ce abokiyar gabarki a garin nan. Kada ki canja lens a fili lokacin hunturu ko a wajen hawa. In dole ce ki shiga mota ko ɗaki, ki kashe kyamarar, ki kifa bakinta ƙasa, ki yi sauri. Kada ki hura da baki, kada ki goge da bakin mayafi, akwai 'yar roba ta hura iska da aka yi don haka. Da bazara kuma kada ki bar jakar a cikin mota a rana.

Akwai wata ƙofa da Allah ya buɗe miki wadda ni ban taɓa shiga ba. Ranar ƙunshi da kamu da wuni, a cikin gida inda mata suke sakewa, namiji iyakarsa zaure. Ke za a ce ki shigo har uwar ɗaki. Gidaje da yawa a Kano suna neman mace mai hoto don wannan dalilin, kuma za su biya. Abin da za ki gani a can amana ne. Kada hoton matar wani ko 'yar wani ya hau Instagram ko Facebook don tallar aikinki sai ita da kanta ta ce ta yarda, kuma ki nuna mata ainihin wanda za ki sa. Wadda mayafinta ya zame tana rawa, ki goge tun a wurin. Ki sa wa kwamfutarki da wayarki mabuɗi, in za ki kai gyara ki kwashe hotunan mutane tukuna. Katin da kika gama da shi kada ki ara wa kowa, ko ƙawarki ce, domin abin da aka goge ana iya dawo da shi.

Tsohon lens ɗina na Nikon mai milimita 50 yana nan a akwati, na duba shi, gilashinsa garau. Zai hau D750, sai dai fokas da hannu za ki riƙa yi, kuma hakan zai gyara miki ido. Ki rubuto mini ranar da za a sallame ku don in san yadda zan tsara zuwa kasuwar, kuɗin kuma ki bar su a asusu, kada ki ba kowa kafin alƙalami.

Ummanki da ƙannenki suna gaishe ki. Allah ya yi miki albarka, ya dawo mana da ke lafiya.

Naki,
Babanki.