Ta Yaya Zan Saɓa wa Malamina Ba Tare da Rashin Kunya Ba?

Assalamu alaikum Malam. Da fatan kana lafiya, ya ɗawainiya da jama'a? Don Allah a sakaya sunana.

Ni ɗalibi ne mai neman digirin digirgir a kimiyyar kwamfuta, ina zaune a Tudun Wada nan Kaduna. Bincikena kan koya wa kwamfuta gane rubutun Hausa ne. Alhamdu lillahi aikin bai gagare ni ba, buɗe baki ne ya gagare ni.

Farfesan da ke duba aikina sa'an mahaifina ne, mutumin kirki, har kuɗin mota ya taɓa ba ni. Sai dai ya kafe kan wata tsohuwar hanya da ya saba da ita, alhali tun 2017 da masu bincike na Google suka fito da tsarin Transformer, wata sabuwar hanyar koya wa kwamfuta sarrafa harshe, fagen nan ya sauya baki ɗaya. Na gwada hanyoyin biyu, sabuwar ta yi wa tsohuwar fintinkau, sakamakon na nan a kwamfutata. Amma da na shiga ofishinsa na rusuna, ya sauke tabarau ya ce, "Ina muka kwana?" sai harshena ya yi nauyi. "To Farfesa" kawai ke fita. In koma gida in yi ta aikin da na san ba zai kai ni ko'ina ba.

A gidanmu ba a musu da babba, kuma wallahi ban raina wannan tarbiyya ba. Amma na karanta jawabin da Richard Hamming, wani masanin lissafi da kwamfuta, ya yi a 1986, inda ya ce mai aiki ƙofa a rufe yakan fi samun ci gaba yau da gobe, bayan shekaru kuma sai ya kasa sanin matsalar da ta cancanci wahalarsa. Abin ya tsaya mini a rai. Sa'o'ina da ke ƙungiyoyin HausaNLP da Masakhane, masu binciken koya wa kwamfuta harsunan Afirka, suna baje aikinsu tun bai nuna ba, a soke su, su gyara. Ni nawa ko malamina bai gani ba.

Ga shi sai da sa hannunsa zan kammala, iyali kuma sun zuba ido.

Malam, in rubuta masa ne a takarda, ko in same shi a gida? Ko in nemi wani abokinsa ya shige mini gaba? Ina tsoron kada ya ɗauka na kai ƙararsa ne. Da wane lafazi yaro ke nuna wa malaminsa hujja?

Allah ya ƙara basira.

Ɗanka,
daga Tudun Wada, Kaduna