Haɗin Ganyen Wanka: A Jiƙa Shi Kafin A Zuba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi wa masu haɗa ganyen wanka don huce gajiya gyara, domin da yawa asarar ganye kawai suke yi.

Ruwan da jiki ke jin daɗinsa, wato digiri 37 zuwa 38, bai kai zafin da zai fito da ƙamshin busasshen ganye sosai ba. In aka watsa ganyen ciki haka nan, sai ya manne a jiki, ya toshe magudana, ƙamshin kuma kaɗan. A jiƙa shi tukuna kamar shayi: rabin kofi na haɗin a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, a rufe minti 20, a tace, sannan a juye a baho ko bokiti. Murfin nan ba ado ba ne. Ƙamshin yana bin tururi ya gudu, shi ya sa ɗigon da ya taru a ƙarƙashin murfi ma ake karkaɗe shi cikin tukunya.

Haɗi mai sauƙi shi ne kashi biyu na furen labanda (lavender), kashi ɗaya na furen kamomil (chamomile), kashi ɗaya na furen wardi. Na'a-na'a, in za a sa, kada ta wuce rabin kashi, don tana sanyaya fata har ta yi zogi a wurare masu laushi. Kirfa da kanumfari kuwa, duk daɗin ƙamshinsu, a bar su; suna ƙona fata. Gishirin Epsom, wato gishirin wanka ba na miya ba, kofi ɗaya zuwa biyu ya ishi cikakken baho, a narkar da shi daban.

Inda aka fi jin jiki shi ne man ƙamshi na kwalba, wato wanda aka tatso daga ganye ko fure. Ba ya narkewa a ruwa, ko an gauraya shi da gishiri. Sama yake tasowa da ƙarfinsa, ya sauka a fata ya bar ja da raɗaɗi. A fara dama ɗigo 5 a babban cokali ɗaya na sabulun ruwa ko man zaitun. In man zaitun aka yi amfani da shi, a kula da santsi wajen fitowa.

Ganye sai ya bushe ƙarau, yana karyewa a hannu, kafin a zuba shi a kwalba mai murfi a ajiye inda rana ba ta kai. Ɗan danshi ya isa ya kawo fumfuna, kuma wanda ya yi ta zubarwa ake yi.

Minti 15 zuwa 20 a ruwa ya wadatar. Sabon haɗi a shafa ruwansa a cikin hannu a jira kwana ɗaya, musamman mai kamomil, don akwai waɗanda jikinsu ba ya ɗauka. Mai juna biyu, mai hawan jini ko ciwon suga, da mai buɗaɗɗen rauni, su tuntuɓi likita tukuna. Jarirai kuma kada a sa musu.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku