Ga ƙanwata da ta tambaye ni batun Fela da kek

Ƙanwata, sallama irin ta addinin Musulunci.

Ranar taron masu karatu kin miƙe a gaban jama'a kika ce: "Yaya, da ba ki da zance sai Fela Kuti, yanzu kuma sai hoton kek. Kin saki gwanin naki ne?" Aka yi dariya, ni ma na yi, amma ban ba ki amsa ba. Ga ta.

Ban sake shi ba. Wani fim ne ya shiga tsakaninmu, Finding Fela na Alex Gibney, wanda ya fito a 2014, ni kuwa sai bara na zauna na kalle shi. Felan da na sani yana ciki: mawaƙin da sojoji suka ƙona wa gida, Kalakuta, a 1977, suka jeho mahaifiyarsa Funmilayo ta taga, ta rasu a 1978, shi kuma ya ɗauki akwatin gawa ya kai ƙofar barikin Dodan, fadar gwamnatin soja ta lokacin a Legas. Wannan jarumtar ko maƙiyinsa ba ya musunta.

Sai dai idona ya yi ta komawa kan matan da ke bayansa suna rawa suna amshi. Ashirin da bakwai ya aura rana ɗaya a 1978. Da, in an tayar da zancen, cewa nake yi ai mutunta su ya yi don mutane su daina zaginsu. Wannan karon bakina ya ƙi furtawa. Ga kuma ƙanjamau: ya ƙi yarda da cutar har ta kashe shi a watan Agustan 1997, kuma yayansa Olikoye, likita, tsohon ministan lafiya, shi ya fito ya faɗa wa duniya. Ni da nake iƙirarin kare haƙƙin mata, shekara da shekaru ina tafa wa mai gida, ban taɓa tambayar yadda matan gidan suka ƙare ba. Kunyar tawa ce, ba tasa ba.

Alƙalami ya ƙi motsi, shi ya sa na shiga kicin. Maƙwabciyata ce ta koya mini ƙananan kek ɗin nan na kofi: bota, sukari da fulawa giram 100 kowanne, ƙwai 2, ƙaramin cokali na bekin foda. Ba ni da oben, don haka yashi muke zubawa a gindin tukunya, mu jera gwangwanayen madara a kai. Na farko sun fito kamar dutse, saboda na yi ta bugun ƙullin bayan na zuba fulawa, wai ni mai ƙwazo. Na biyu sun taso gwanin sha'awa, garaje ya sa na ɗaga murfi, suka lotsa a tsakiya ina kallo. Yaran gida dai ba su bar ko ɓurɓushi ba.

Abin da zai ba ki dariya, har yanzu Fela ne agogona. Wasu waƙoƙinsa kan kai minti ashirin, daidai lokacin gashi. In na rufe tukunya sai in kunna ɗaya, ba na taɓa murfi sai ta ƙare. Bambancin kawai, yanzu muryoyin masu amshin nake kasa wa kunne.

Ki biyo ranar Asabar bayan la'asar, ki taho da ƙwai, nawa sun ƙare.

Yayarki.